Na'urar da ta Tsaya a Ikko: Laifi ko Uzuri?

A makon farko da muka koma makaranta bayan hutun sallah, wasu tsofaffin ɗalibanmu biyu suka leƙo ɗakin malamai don su gaishe mu. Ajinsu ɗaya, benci ɗaya suka zauna shekara uku, yanzu kuma kowannensu yana cin abinci a masana'anta. Na farko yana wani kamfanin sarrafa abinci a jihar Ogun, na biyu yana wani kamfanin robobi a nan Sharaɗa. Da aka gama gaisawa hira ta yi daɗi, sai kowa ya shiga ba mu labarin wurin aikinsa. Na Ogun ya ce shi a gaban allon kwamfuta yake wuni, a wani ɗaki mai sanyi, yana kallon lambobi. Idan wani ƙarfe a cikin inji ya fara ɗaukar zafi fiye da kima, allon zai nuna masa kwanaki kafin ya lalace, a canja shi ba tare da aiki ya tsaya ba. Na Sharaɗa ya yi dariya, ya ce su nasu allon wani dattijon makaniki ne da yakan kara kunnensa a jikin inji ya ce, "Wannan ba zai kai Juma'a ba." Kayan da aka buga kuwa, shi da hannunsa yake ƙirgawa dozin-dozin, ya rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mu da muka koyar da su mun san na Sharaɗa ya fi ɗan'uwansa lissafi nesa ba kusa ba. Bayan sun fita wani daga cikinmu ya girgiza kai ya ce, "Halinmu ne, mu ba ma son sabon abu." Nan gardama ta kaure, har aka kaɗa ƙararrawa ba a gama ba. Ita ce muka kawo wa mai karatu a wannan fitowa, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ta girmi masana'anta: idan wasu mutane suka yi jinkiri a kan abin da wasu suka riga suka kama, yaushe ne za a ce sun yi laifi, yaushe ne kuma za a ce suna da uzuri?

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san abin da ake magana a kai. Ba kwamfutar da akawu ke buga takarda da ita muke nufi ba. Muna nufin ƙananan na'urori da ake liƙa wa injuna su riƙa auna zafinsu da motsinsu suna aika rahoto. Da mutum-mutumin ƙarfe da ke walda ko jera kwalaye. Da manhajar da ke haɗa sito da wurin sarrafawa da ofishin ciniki, ta yadda buhu ɗaya ba zai fita ba sai lissafi ya san da shi. Jamusawa suka raɗa wa wannan tsari suna a baje kolin birnin Hanoba a 2011, suka kira shi juyin masana'antu na huɗu. A Koriya ta Kudu akwai irin wannan mutum-mutumi fiye da 1,000 ga kowane ma'aikaci 10,000 na masana'antu. Mu a Nijeriya ba mu kama ƙafar wannan ba, Kudu da Arewa. Sai dai ɗan abin da ya shigo, mafi yawansa ya sauka ne a Ikeja da Agbara da Otta da Shagamu da Lekki, kaɗan ne ya ƙetare Kwara ya iso Bompai da Chalawa da Kakuri.

To, mu fara da hukuncin abokin aikinmu. Yana da daɗin faɗa, don yana kama da tawali'u, mutum ya zagi kansa kafin a zage shi. Amma da za a kai shi gaban alƙali, shaidu za su ƙaryata shi. Wayar salula ta shigo a 2001, ba a yi shekara goma ba ta kai hannun mai rake da mai kiwon akuya. Na'urar cire kuɗi ta hannu yau tana kan teburin mai shayi. Masu shirya fim na Kano sun rungumi kyamarar zamani da tace hoto a kwamfuta ba tare da wani ya yi musu wa'azi ba. Teloli sun sayi keken da ke zana aiki a wuyan kaftani da kansa, har "aikin kwamfuta" ya zama sunan ɗinki a bakin kowa. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne na masu casar shinkafa. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, kasuwar shinkafar gida ta buɗe, manyan injunan casa na Kano da Kebbi da Jigawa suka yawaita, a cikinsu har da na'ura mai ido wadda ke duba ƙwayar shinkafa ɗaya-ɗaya tana hure baƙa da tsakuwa da iska. Wannan fasaha ce ta ƙarshe, kuma Bahaushe ya sa kuɗinsa ya saya da ya ga za ta biya shi. Mutanen da suka yi wannan, ta yaya za a ce jininsu ne ba ya son sabon abu?

Tarihi ma bai goyi bayan wannan hukunci ba. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, saƙa da rini da jima ya tarar, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kafin 'yancin kai, kuma dubban 'yan Arewa da ba su taɓa ganin inji ba suka koyi tuƙa shi a Kakuri. Ashe dai ruwa ba ya tsami banza, sai a nemi dalili a wani wuri.

Mu a ganinmu dalilin yana ƙarƙashin na'urar, a abubuwan da take tsayawa a kansu waɗanda ba a gani a hoton talla. Na farkonsu wuta. Tsohon inji mai haƙuri ne, in wuta ta yi ƙasa ya yi gurnani ya ci gaba. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta da wannan haƙuri. Ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta rikita lissafinta ko ta ƙone mata allo. Ɗalibinmu na Sharaɗa ya ce idan aka ɗauke wuta alhali roba tana narke a cikin inji, daskarewa take yi, sai an ɓata sa'o'i ana zafafawa ana ƙwaƙulewa, abin da ke ciki kuma ya zama asara. Mai kamfanin da ke fama da wannan sau biyu sau uku a wuni, aka ce masa ya zuba miliyoyi a na'urar da ta fi wannan laushi, in ya ƙi ba za mu kira shi bagidaje ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce ai Legas ma ana ɗauke wuta. Haka ne, amma ga inda hanya ta rabu. Tun 1989 bututun iskar gas daga Eskrabos ya iso Legas, daga baya aka ja rassansa zuwa unguwannin masana'antu na Legas da Ogun. Babban kamfani a can yakan kafa tasharsa ta wuta, ya kunna da gas, ya manta da layin gwamnati. Takwaransa na Kano sai janareto da man dizal da aka ɗauko a tanka daga Kudu. Bututun da zai kawo gas daga Ajakuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, sai a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Mai karatu ya cire 1989 daga 2020 ya gani: shekara 31, wato yaron da aka haifa ranar da gas ya shiga Legas ya yi aure ya haihu kafin a haƙa ramin farko na namu. Da aka zo 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na masu layin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, wanda ba shi da gas shi ya fi jin duka.

Haka zancen yake ga intanet. Manyan wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022, mafi yawansu a gaɓar Legas suka fito. Haka ga tashar jiragen ruwa: kwantenar da ta sauka a Apapa, mai kamfanin Ikeja yana iya ganinta a ranar, na Bompai kuwa sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan tirela, da ramuka da shingaye. Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, wato mai gyara. Wakilan kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, da injiniyoyinsu da kayan gyaransu, a Legas suka fi zama, don can ne masu saye suka fi yawa. Idan na'ura ta tsaya a Agbara, kafin azahar mai gyara ya iso. Idan ta tsaya a Chalawa, sai an biya masa jirgi da masauki, a jira ya sami sarari, ma'aikata na zaune ana biyansu. Masu saye ba sa yawaita don babu mai gyara, mai gyara ba ya zuwa don babu masu saye. Kowa na jiran kowa.

Wanda yake shakka, ya dubi Alhaji Aliko Ɗangote. Haifaffen Kano ne, amma matatar mansa mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka buɗe a 2023, a Lekki ya gina ta, bakin teku. Alhaji Abdussamad Rabi'u shi ma ɗan Kano ne, ya kafa sabon injin siminti na zamani a Kalambaina ta Sakkwato, don can dutsen yake. Mutum ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma na'ura tana bin teku da gas da dutse. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Italiya ta fito da rangwamen haraji a 2016 ga duk kamfanin da ya sayi irin waɗannan na'urori, doka ɗaya ga ƙasa duka, sai ga shi kamfanonin arewacin ƙasar, wajejen Milan da Bolonya, su suka kwashe mafi yawa, kudu da aka fi son a taimaka ta tashi da kaɗan. Taimakon ya tarar da mai shiri ne ya ƙara masa.

Zuwa nan mai karatu zai ce mun wanke kanmu tas. Ko a shari'a ba a kama mutum da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma babu mai kamfanin da zai iya jawo teku zuwa Dala. Sai dai mu malamai mun san wani abu game da uzuri: ɗalibin da ya sami uzuri na gaskiya sau ɗaya, yakan riƙe shi ya shiga da shi kowace jarrabawa. Wanda aka yi masa rasuwa a zangon farko, har zango na uku da ita yake kare faɗuwarsa. Uzurin gaskiya ya fi na ƙarya haɗari, domin babu mai iya ƙaryata shi, har mai shi.

Saboda haka sai mu koma kan littafin nan mai baƙin bango. Rubuta kayan sito a manhaja ba ya buƙatar gas, ba ya buƙatar teku. Wayar hannu da faifan sola guda sun isa. Me ya hana? Da muka matsa wa ɗalibinmu da tambaya, sai ya ce ya taɓa kawo shawarar, maigida ya ce a bari tukuna. A fahimtarsa maigidan ba tsadar abin yake gudu ba. Lissafin kamfanin gaba ɗaya a kansa yake, shi kaɗai ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma a nan ƙarfinsa yake. Na'ura kuwa ba ta iya sirri ba. Ranar da aka saka ta, manaja zai san riba, abokin tarayya zai san rabonsa, magada za su san abin da aka bari, mai karɓar haraji ma in ya zo zai tarar da komai a jere. Ba mu ce kowane mai kamfani haka yake ba, ba mu kuma ce a Arewa kaɗai ake samun irinsa ba. Amma inda aka same shi, wannan jinkiri ba na wuta ba ne. Zaɓi ne, kuma sanin kowa ne kamfanoni nawa a garuruwanmu suka bi masu su kabari saboda lissafin ya tafi a cikin ƙirjin mamaci.

Akwai darasi a tarihin Amurka a kan wannan. An fara sayar da wutar lantarki a birnin Niyok a 1882, amma sai wajejen 1920 amfaninta ya bayyana sosai a masana'antu. Masu kamfanoni na farko sun cire injin tururi ne kawai suka dasa na lantarki a gurbinsa, komai na nan yadda yake. Sai da wasu suka sake fasalin ginin da rabon aiki, suka ba kowane ma'aikaci injinsa da ikon kunna shi da kashe shi, sannan riba ta fito. Wato sabuwar na'ura takan nemi maigida ya saki wani abu daga hannunsa. Wanda ya saye ta bai saki ba, ya sayi ado.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, don haka bari mu sauko daga kan namu mu dube shi. A makarantu da yawa da muka koyar, darasin kwamfuta a allo ake yin sa da alli. Mukan zana akwati mu ce wannan shi ne allon kallo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Inda aka yi sa'a akwai ɗakin kwamfuta, sau da yawa a kulle yake, ana tsoron kada yara su lalata, sai in baƙi za su zo a share ƙura. Kwalejojin fasaha da ya kamata su fitar da mai gyaran nan da ake ɗaukowa daga Legas, mu da kanmu muka mayar da su wurin tura yaron da muka yanke wa ƙauna. Idan mai kamfani ya ce ko ya sayi na'ura ba shi da wanda zai ba amanarta, gaskiya ya faɗa, kuma rabin wannan gaskiyar a ɗakin malamai aka ƙera ta. Ba za mu ce albashi da rashin kayan aiki ba uzuri ba ne. Amma makullin ɗakin kwamfuta ba a Abuja yake ba.

Saura hujja ɗaya, ita ce kuma ta fi ba mu wahala, don ta fito daga bakin wani dattijo a cikinmu da muke ganin girmansa. Ya ce, "Ku da kuke ɗokin na'ura, kun tambayi leburan da za ta kora? Mai kamfanin da ya bar mutum ɗari biyu suna ɗaukar kaya da hannu alhali inji ɗaya zai yi aikin, wataƙila shi ne mai tausayi a cikinku." Ba za mu raina wannan magana ba. Mun ga abin da keken kwamfuta ya yi wa masu ɗinkin hannu. Aikin da mace a Zariya za ta yi makonni tana yi da allura, keke ya gama kwatankwacinsa kafin la'asar, farashi ya faɗi, kuma ba wanda ya biya ta diyya. Duk wanda ya ce na'ura ba ta cin abincin kowa, bai zauna da wanda ta ci nasa ba.

Amma mu tuna Kakuri. Masaƙun Kaduna ba na'ura ce ta kori ma'aikatansu ba. Tsofaffin injuna, da tsadar wuta da mai, da atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa ta halas da ta fasa-ƙwauri, su suka taru suka durƙusar da su. Masaƙar nan ta 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka sallami mutane dubbai, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Kamfanin da ya ƙi sauyawa ba ya riƙe ma'aikatansa har abada, ranar sallamarsu kawai yake ɗagawa, kuma in ta zo gaba ɗaya take zuwa har da mai gadi. Bokitin da aka buga a Ogun da rabin asara zai hau tirela ya zo Kantin Kwari da Sabon Gari ya yi gogayya da na Sharaɗa, mai saye kuwa farashi yake tambaya. Don haka mun yarda da dattijon rabi. Jinkiri yana iya zama tausayi, idan mai kamfani yana amfani da shekarun da ya saya wajen koya wa 'ya'yan leburansa aikin da zai rage bayan na'ura ta zo. Idan kuwa yana riƙe da su ne don hannunsu ya fi inji araha, ranar da lissafi ya juya zai sallame su bai waiwaya ba, to a kira abin da sunansa.

Wani abu kuma da bai kamata ya wuce mu ba: abin da muke kira yanayi, wasu mutane ne suka zauna suka yanke shi. Teku kam Allah ne ya ajiye ta inda take. Amma bututu da layin dogo da tashar wuta da kwalejin fasaha, a kan tebur aka zana su, da kasafin kuɗi da sa hannu, kuma a duk shekarun nan 31 ba a taɓa rasa 'yan Arewa a kan teburin ba. Uzurin mai kamfanin Chalawa na gaskiya ne, sai dai shi kansa uzurin laifin wani ne, kuma mu muka yi layi a rana muka zaɓi wanin. Mu marubuta ma, a littattafanmu Alhaji mai kamfani ba ya ƙarewa, yana da mota da gida da budurwar da ake rigima a kanta, amma da wuya ka ga marubuci ya bi shi ya shiga cikin kamfanin ya nuna mana abin da ake bugawa da wanda ke bugawa.

Bayan kwana biyu da waccan hira mun sake haɗuwa da ɗalibinmu na Sharaɗa a bakin titi yana jiran a-daidaita-sahu. Ya ciro wayarsa ya nuna mana: ashe wata huɗu ke nan kullum in ya tashi aiki yakan kwafe abin da ya rubuta a baƙin littafi ya zuba a wani jadawali da ya tsara da kansa. Daga nan ya gano cewa inji ɗaya daga cikin shida shi ke jawo kusan rabin robar da ake zubarwa, kuma shi ne dai wanda dattijon makaniki ya daɗe yana ƙorafi a kansa. Bai nuna wa maigida ba tukuna, yana neman ranar da zai same shi cikin fara'a. Muka roƙe shi ya zo ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin yadda ya yi, muka yi masa alkawarin za mu nemo makullin ɗakin kwamfuta. Ya ce zai zo, amma ba zai iya sa mana rana ba, sai dai mu saurari wayarsa duk safiyar da aka wayi gari babu wuta a Sharaɗa kuma dizal ya ƙare, don ranar ce ba su da aiki.